Yadda Ake Ɗumama Kumfar Aski Da Buroshi Da Ruwan Zafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban madubi da asubar hunturu, ya ɗora kumfa mai sanyi ƙarara a wuyansa, ya san yadda tsikar jiki ke tashi. Fata ta ɗaure, hannu ya yi ta gaggawa don a gama a huta, a nan kuwa ake yankewa. Na shafe shekaru ina aski a haka, ina ɗauka cewa haka abin yake, har na gane maganin bai wuce butar ruwan zafi da kwano biyu ba.

Ko kana aske fuska gaba ɗaya, ko kana da gemu gefen kumatu da ƙasan wuya kawai kake gyarawa, ko kuwa ƙwal-kwabo kake yi wa kanka duk Juma'a, hanyar ɗaya ce. Amfanin ɗumin kuma ya wuce jin daɗi. Gashin fuska busasshe yana da tauri ƙwarai, amma yana shan ruwa, idan ya sha na minti biyu zuwa uku sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi ba tare da fizga ba. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi saurin narkar da maiƙon da ke lulluɓe da gashin, shi ya sa ya fi saurin ratsa shi. Mu da gashinmu ke nannaɗewa mun fi kowa buƙatar wannan, domin gashin da aka fizga aka yanke a karkace shi ne ke lanƙwasowa ya soki fata, ya haifar da ƙurajen askin nan da ke cika ƙasan haɓa da ƙeya.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan: ɗumi ake nema, kuma kwano ake ɗumamawa, shi ya ɗumama kumfa. Ba a zuba tafasasshen ruwa a kan buroshi. Ni da kaina na kashe buroshina na farko a haka. Na saye shi da tsada, na riƙa tsoma shi cikin ruwan da na sauke daga wuta yana tururi, ina ganin gata nake masa. Cikin 'yan makonni bakin gashin ya murɗe kamar an babbaka shi, ya fara bar mini silin gashi a fuska. Wata safiya ina cikin kaɗa kumfa, dunƙulen gashin ya fice fit daga mariƙinsa ya faɗa kwano, ya bar ni da icen a hannu. Gam ne ke riƙe da gindin gashin, zafi mai yawa kuma yana sassauta shi a hankali. Na ji takaicin asarar nan sosai, ba na so wani ya maimaita ta.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar ruwan zafi, daga buta ko filas. Wanda ba ya son hura wuta da asuba ya cika filas tun da dare, ruwan zai wadatar da safe. Sai kwano biyu, babba da ƙarami, yadda ƙaramin zai zauna cikin babban ya bar fili a kewaye. Sai kofi mai ɗan zurfi na jiƙa buroshi, ƙaramin tawul, sabulun aski ko man aski na kwali, da gidan reza da sabuwar reza.

Ƙaramin kwanon shi ne zuciyar aikin, kuma na tangaran mai kauri ya fi. Tangaran yana jinkirin ɗaukar zafi, amma idan ya ɗauka yana daɗewa bai sake ba. Kwanon silba nan da nan yake zafi har ya ƙona yatsa, nan da nan kuma yake hucewa, ga shi da saurin busar da kumfar da ta taɓa gindinsa. Na roba kuwa ba ya bari zafi ya ratsa shi sosai, sai ka ga ruwan waje na tururi amma kumfar ciki sanyi ƙalau. Babban kwanon ko na mene ne ya yi, na roba ma ya fi dacewa a nan tunda ba ya zubar da zafin ruwa da wuri.

Turawan Ingila tun ƙarni na 19, lokacin da ba kowane gida ke da famfon ruwan zafi ba, suna da wani kofin tangaran na musamman don wannan aiki. Ana zuba ruwan zafi a cikinsa ta wani baki mai faɗi, sabulu na zaune a sama. Na zamani ana yin sa da bango biyu, ruwa a tsakani, kumfa a saman. Idan ka same shi, madalla. Kwano cikin kwano aiki ɗaya suke yi da shi.

Game da buroshi kuwa, ya kamata ka san da wane irin gashi aka yi naka, saboda jiƙonsu ya bambanta. Akwai na gashin wata dabbar ƙasashen sanyi, 'yar uwar dage, shi ne mai tsada da taushi, yana riƙe ruwa da ɗumi sosai. Akwai na gashin doki. Akwai na gashin alade, wanda ya fi araha kuma ya cika kasuwa, kamfanin Omega na Italiya ma ya yi suna a kansa. Galibi fari ne mai ratsin rawaya da ɗan tauri, don haka Musulmi ya karanta kwali da kyau kafin ya biya kuɗi. Sai na zaren roba, wanda ba gashin dabba ba ne sam. Ni shi nake ba kowa shawara ya fara da shi: babu shakku a kansa, yana bushewa da wuri, na yanzu kuma sun yi laushi ƙwarai. Rauninsa ɗaya, zaren ba ya shan ruwa, saboda haka ba ya riƙe ɗumi kamar na dabba. Wannan ne ma ya sa dabarar kwano biyu ta fi yi masa amfani.

Mataki na farko: surka ruwa gida biyu

Ruwa iri biyu za ka haɗa. Na farko mai ɗumi ne, shi zai taɓa buroshi da fuskarka, ya kasance tsakanin digiri 40 zuwa 45 a ma'aunin Salsiyos. Zafin jikin mutum wajen digiri 37 ne, ka ga kenan kaɗan ya ɗara jiki. Ba sai ka nemi ma'auni ba. Kofi ɗaya na tafasasshen ruwa a kan kofi uku na ruwan randa zai ba ka kusan haka. Idan sanyin ya yi tsanani har ruwan randar na cizon hannu, biyu da rabi ya isa. Gwada shi da cikin wuyan hannunka, inda fata ba ta da kauri. Idan za ka iya barin hannun a ciki ka ƙirga goma ba tare da ka ji kana son cirewa ba, ya yi.

Na biyu shi ne na babban kwano, wanda ba zai taɓa komai ba sai kwanon tangaran. Wannan ya fi zafi, rabi tafasasshe rabi na sanyi, wajen digiri 60. Ka kiyaye da shi, ruwa mai wannan zafin yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu. Kada ka ajiye shi inda yaro zai kai hannu. Mai ciwon suga da jin hannunsa ya ragu kuma kada ya dogara da yatsunsa, ya bi ma'aunin kofi. Idan da hitar lantarki ta tsomawa kake dafa ruwa, ka zare ta daga soket kafin ka kusanci bokitin, kullum, ko da kana ganin an ɗauke wuta.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi: idan ruwan rijiyarku ko na burtsatse mai zartsi ne, irin wanda sabulun wanka ba ya kumfa da shi, to na aski ma ba zai yi ba komai ɗuminsa. Yi amfani da shi a babban kwano, amma na jiƙa buroshi da haɗa kumfa ka ɗumama ruwan leda ɗaya. Ya ishe ka.

Mataki na biyu: ɗumama kwano, jiƙa buroshi

Zuba ruwan zafin a babban kwano, ka zaunar da na tangaran a ciki, ruwan ya kai kamar biyu bisa uku na tsayinsa. Kada ya kai baki, domin da ka fara kaɗawa zai fantsamo ya tsinka maka kumfa. Ka zuba kaɗan a cikin tangaran ɗin ma don ya ɗauki zafi ciki da waje. Tangaran mai sanyi ƙwarai ba ya son tafasasshen ruwa farat ɗaya, yana iya tsagewa, wannan ma wani dalili ne na surkawa.

Sai ka zuba ruwan ɗumi a kofi ka tsoma buroshi, gashi a ƙasa. Ruwan ya rufe kamar kashi uku cikin huɗu na gashin, kada ya hau inda gashi ya haɗu da mariƙi. A nan gam yake, kuma idan mariƙin na ice ne, yawan jiƙa zai sa ya kumbura ya tsage. Na gashi mai tauri yana son minti uku zuwa biyar. Mai taushin nan minti ɗaya ko biyu ya ishe shi. Na roba ba ya buƙatar jiƙo, tsoma shi kawai ake yi ya ɗauki ɗumi.

Idan sabulunka na dunƙule ne mai tauri, ɗiga masa cokali ɗaya na ruwan ɗumi a sama ka bar shi ya tsima tare da buroshin. Kada ka zubar da ruwan nan daga baya, shafa shi a fuska, yana da santsi. Sabulun sanda irin Arko na Turkiyya ba ya buƙatar haka, tsoma bakinsa za ka yi ka goga a jiƙaƙƙiyar fuska. Man aski na kwali, irin su Palmolive ko Proraso, shi ma ba ya son jiƙo. Sabulun wanka kuwa, gaskiya ba na ba da shawararsa: kumfarsa manyan ƙwayoyi ce, tana mutuwa da wuri, ɗumi kuma ƙara saurin kashe ta yake yi.

Mataki na uku: shirya fuska kafin kayan su gama jiƙa

Kada ka tsaya kallon kofi. Wanke fuskarka da ruwan ɗumi da sabulu, ka cire maiƙo da ƙurar hunturu. Tsoma tawul a ruwan ɗumin, matse shi, ka lulluɓe haɓa da wuya da shi, ka danna da tafin hannu. Idan ya huce ka sake tsomawa, sau biyu ko uku, jimilla kamar minti biyu. Wanda ya fito daga wanka da ruwan ɗumi ya riga ya yi wannan, kada dai ya goge fuskar ta bushe. Ka tuna yadda wanzami na ƙwarai ke yi: ba ya ciro aska daga zabira sai ya jiƙa kan mutum ya murza, ya sake jiƙawa ya murza, har gashi ya kwanta. Shi ma laushin nan yake nema.

Mataki na huɗu: haɗa kumfa

A nan aikin yake, kuma a nan akasari ake ɓata shi. Zubar da ruwan da ke cikin tangaran, ka bar shi zaune cikin babban kwano. Ciro buroshi ka bar ruwan ya tsiyaye, ka matse gashin a hankali da yatsu uku daga gindi zuwa baki. Kada ka murɗe shi kamar tsumma. So ake ya zama jiƙaƙƙe amma ba ya ɗiga.

Ka juya bakinsa a kan sabulu kamar daƙiƙa talatin, har gashin ya ɗauki wani abu mai kauri kamar kullu. Idan man kwali ne, matsa kamar girman ƙwayar gyaɗa babba a gindin kwano. Sai ka fara kaɗawa cikin tangaran, kana zagayawa, wani lokaci dama wani lokaci hagu, da bakin buroshin kawai. Kada ka danna shi har gashin ya baje kamar tsintsiya, hakan na karya gashin tsakiya.

Da farko za ka ga manyan ƙwayoyi suna tashi, ci gaba. Bayan rabin minti za ta fara haɗuwa ta yi fari tas, amma a bushe, tana manne wa bangon kwano. Yanzu ne za ka ƙara ruwa, da yatsa, ɗigo huɗu ko biyar daga kofin ɗumi, ka kaɗa, ka sake ɗigawa. Kumfar da ake haɗawa cikin kwano mai ɗumi ta fi ta sanyi shan ruwa, saboda zafin yana ƙafar da shi kana cikin aiki. Za ka san ta yi idan ta fara sheƙi, ƙwayoyinta suka ɓace wa ido, ta yi kauri kamar kindirmo, idan ka ɗaga buroshi kuma ta yi tsini ta ɗan rusuna. Murza kaɗan tsakanin yatsu biyu, ka ji santsi. Duka bai wuce minti ɗaya da rabi ba idan hannu ya saba.

Idan ka ga tana narkewa a gindin kwano tana komawa ruwa-ruwa, ko gefenta na bushewa yana ɓarɓashi kamar alli, ruwan wajen ya yi zafi da yawa. Ɗaga tangaran ɗin, ƙara ruwan sanyi kaɗan a babban kwano, ka mayar. Yawancin kumfa iska ce, ruwan da ke cikinta kaɗan ne, shi ya sa ba ta jure zafi kuma ba ta riƙe shi. Kada ka sa ran za ta yi zafi kamar kunu. Ɗumin da za ka ji a fuska mai sauƙi ne, kuma mafi yawansa daga cikin buroshin yake fitowa, inda ruwa ya taru a tsakiyar gashi.

Mataki na biyar: shafawa da aski

Sake jiƙa fuska da ruwan ɗumi. Shafa kumfa da ɗan zagaye don ta shiga ƙarƙashin gashi ta ɗaga shi, sannan ka daidaita ta da shafa irin ta mai fenti. Da hunturu iska a bushe take, tana shanye kumfa kafin ka kai gare ta, don haka ni ba na shafe fuska duka lokaci guda. Nakan yi kunci ɗaya in aske, in yi ɗayan, sannan wuya, haɓa da gashin baki a ƙarshe tunda su suka fi tauri. A haka kowane wuri yana samun kumfa da ɗuminta. Rufe taga da ƙofar banɗaki ma yana taimakawa fiye da yadda kake zato.

Duk lokacin da ka ajiye buroshi, mayar da shi cikin tangaran, gashinsa nutse cikin kumfa, mariƙin jingine a baki. Wannan shi ne dalilin duk wahalar da ka sha. Idan ka dawo shafa ta biyu za ka tarar da shi da ɗumi, wani lokaci ma ya fi na farko. Kafin ka shafa, ɗiga ruwa kaɗan ka kaɗa sau biyar ko shida ta farfaɗo.

Reza kuma ka ɗauraye ta cikin ruwan ɗumi bayan kowane ja biyu ko uku, a wani mazubi daban, ba cikin kofin buroshi ba. Ƙarfen yana ɗaukar zafi nan take, saboda haka kada ka tsoma ta a babban kwano ka kai fuska. Bi inda gashi ya kwanta, kada ka danna, nauyin gidan rezar ya isa. Idan kana fama da ƙuraje, tsaya a nan, ko ka ƙara ja ɗaya ta gefe. Komawa ta inda gashi ya fito yana ba da sulɓi na yini guda, ya bar ka da ƙuraje na mako guda. Laushin da ɗumi ke kawowa yana rinjayar mutum ya yi ta maimaita ja a wuri ɗaya saboda ba ya jin zafi, sai bayan awa ɗaya wurin ya fara raɗaɗi. Kada reza ta bi inda babu kumfa.

Askin kai ya fi ɗaukar lokaci, ruwan babban kwano zai huce kafin ka gama. Ajiye filas kusa, idan ka kai rabi ka rage ruwan ka ƙara sabo.

Akwai ranakun da nake barin duk wannan. Cikin bazara, watan Afrilu, ruwan tanki da kansa ɗumi gare shi, fuska kuma na zufa, ba na buƙatar kwano na biyu. Haka idan fata ta riga ta yi ja ko akwai ƙuraje masu ciwo, ɗumi na ƙara hura su, gara a huta da askin kwana biyu.

Mataki na ƙarshe: wanke fuska da kula da buroshi

Ɗauraye ragowar sabulu da ruwan ɗumi, sannan ka watsa na sanyi sau biyu ko uku, yana kwantar da raɗaɗi. Danna tawul, kada ka goga. Ruwan ɗumi da sabulu sun kwashe maiƙon fata, ga iskar hunturu na jira a waje, don haka ka shafa mai tun fuskar na da laima. Man kaɗanya ɗan kaɗan, a narke shi tsakanin tafin hannu, ya wadatar.

Ka sani ruwan ɗumin nan ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Reza da buroshi na mutum ɗaya ne, ko ɗan'uwanka ciki ɗaya kada ku haɗa, domin ciwon hanta da cutar ƙanjamau suna bin jini, ko ɗigon da ido bai gani ba.

Buroshin ka wanke shi da ragowar ruwan ɗumi, kana buɗa gashin da yatsa har ruwan da ke fita ya zama garau, musamman can gindi inda sabulu ke maƙalewa ya daskare. Matse shi a hankali, ka yarfe sau uku ko huɗu, ka shafa bakinsa a busasshen tawul. Ajiye shi a fili inda iska ke wucewa, a tsaye kan mariƙinsa ko a rataye, ba cikin jaka ko durowa ba, ba kuma a rana ko kusa da murhu ba. Na roba zai bushe kafin azahar. Na gashin dabba yakan kai washegari, da damina ma ya wuce haka, kuma idan ka taɓa tsakiyarsa ka ji laima da ɗan wari, ka ba shi kwana ɗaya kafin ka sake jiƙa shi.